Yadda Ake Gano Ciwon Kulocin Tsohuwar Akori-kura Ba Tare da an Sunkuya Ba

Kana da tsohuwar akori-kura wadda yau giya ke shiga lafiya lau, jibi ta ƙi, ta yi ta gurnani kamar ana niƙa tsakuwa a cikinta? Kwantar da hankalinka. Idan ka bi matakan nan takwas ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbaci cikin wata biyu kowa a gidanku zai san kai ne masanin mota, kuma ko maiƙo ba zai taɓa farcenka ba.

Ban ƙirƙiri komai ba. A wurin Yayana na koya, shi da ya karɓi kula da motar gidanmu bayan rasuwar Abba. Motar ita ke kai ƙwan gonar kajin Umma shaguna. Mai tuƙa ta wani dattijo ne da muke kira Baba Direba. Shekara ashirin da biyu makullinta na hannunsa, a cikinta ya kai mu makaranta ni da Yaya, kuma makullin nan shi ne abincin gidansa. Ni dai nawa kujerar gefe ce, idan ya biyo ta wurin aikina da la'asar ya rage mini hanya. Daga nan na ga komai.

Mataki na 1: Sanar da mota cewa ta sake maigida

Kafin ka san ciwon mota, dole ita ta san ka. Saya mata kaya. Kada ka sayi abin da ido ba ya gani, irin su man inji, don babu wanda zai yaba maka. Yaya ya sayo rigar sitiyari mai gashi, da turare mai lilo a jikin madubi, da wata shimfiɗar roba mai kauri ta ƙarƙashin ƙafar direba. Ta babbar mota ce, ta yi wa wurin yawa, amma ya danna ta da ƙafa ta zauna. Abu mai tsada ba ya yin yawa, wurin ne ke yin kaɗan.

Bayan haka, duk sanda aka ce maka giya ta ƙi shiga, sa fararen kaya ka fito. Tsaya taku uku daga motar. Goya hannuwanka a baya, ka karkata kai gefe guda, ka sa a tayar da inji. Ka ce, "Uhm." Ka ɗan jira, ka sake cewa, "Uhm." Kada ka wuce biyu. Na uku yana nuna ruɗewa.

Mataki na 2: Tambayi direba, amma kada ka bar shi ya kai aya

Direba shi ke wuni a cikin motar, saboda haka akwai haɗarin ya san wani abu. Tambaye shi don a ga kana da tarbiyya, sannan ka tare shi tun kafin ya yi ɓarna. Ga yadda ƙwararre ke yi.

"Baba, yaya take yi ne?"

"To, Maigida," in ji Baba Direba, don haka yake kiran Yaya tun da Abba ya rasu, "wani lokacin lafiya take. Sai mun yi kwana biyu ko uku muna zagaye, sai in ji kulocin ba ya sauka yadda ya saba, giya ta ɗaya da ribas su fara..."

"Giyabos ne."

"Ai idan na kashe inji tana shiga ba gardama, shi ya sa nake ganin..."

"Baba, giyabos ne. Bidiyo uku na kalla a kai."

Ka lura da kyau. Kowane bakanike zai gaya maka cewa idan giya tana shiga da inji a kashe, ta ƙi da inji a kunne, to ka ƙyale giyabos, wato akwatin giya, ka nemi abin da ke hana kuloci saki. Wannan ilimi ne mai cutarwa, domin yana rage yawan maganar da za ka yi. Nisance shi.

Mataki na 3: Wanke ta tas kafin ka kai ta gareji

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kada ka tsallake shi ko da an roƙe ka.

Motar ƙwai ba ta rabuwa da gashin kaji, da dusa, da abin da ya fi dusa wari. Gareji kuwa wuri ne da manyan mutane ke kawo motocinsu. Me za a ce game da gidanku? Don haka duk ranar da ciwon ya tashi, kada ka yi gaggawar kai ta wurin gyara. Fara biyawa wurin mai wankin mota. Tsaya a kansa. Sa shi ya fito da komai na ciki, ya kaɗe, ya goge da buroshi, ya shanya, ya mayar da kowane abu daidai inda ya kamata ya zauna. Sai ta yi ƙamshi sannan ta cancanci ganin bakanike.

Marar lafiya mai mutunci ba ya zuwa asibiti da alamar ciwo a jikinsa.

Mataki na 4: Gaya wa bakanike sunan ciwon tun kafin ya buɗe baki

Za ka ga abin mamaki: da zarar kun isa gareji, motar ta warke. Namu bakaniken, wani mai furfura da sifana a aljihun baya, sai da ya zagaya layin sau uku da ita. Ya duba man kuloci ya ga a cike, ya leƙa ƙasa bai ga ɗigo ba, ya sa ribas ta shige sumul.

"Yallaɓai, ni dai ban ji komai ba," in ji shi. "Ka kawo mini ita ranar da take yi, yadda take, kada kowa ya taɓa komai."

"Da kashin kajin?" in ji Yaya.

"Ni da nake wuni cikin baƙin mai, kashin kaji ne zai dame ni?"

Kada ka yarda. Mutumin da ya ce bai ji komai ba so yake ka koma gida hannu rabbana, a yi maka dariya. Zaɓi abu ɗaya ka ce a canza. Zuwan farko Yaya ya sa aka juye man giya. Zuwa na biyu ya ce famfon kuloci ne, aka sa sabo. Zuwa na uku ya ce faifan kuloci ne, wanda sai an sauke giyabos gaba ɗaya ake kai wa gare shi. Kwana huɗu motar tana bisa rami, Umma na neman wanda zai kai mata ƙwai kafin ya lalace. Da aka ciro tsohon faifan, bakanike ya ɗaga shi sama.

"Duba, Yallaɓai. Da sauran rai sosai a jikinsa."

"Ido ba ya ganin irin wannan lalacewar," in ji Yaya. "Sa sabon."

Bakanike ya dubi Baba Direba, Baba Direba ya dubi bango, aka sa sabon.

Ga ladan wahalarka: bayan kowane gyara, motar za ta yi kwana uku tana tafiya kamar amarya. A cikin kwana ukun nan ka tabbata duk wanda ya shigo gidan ya ji labari. Kada ka ɓata lokaci, don ba za a ƙara maka na huɗu ba.

Mataki na 5: Idan ƙarafa sun ƙare, koma kan mutum

Ranar da ciwon ya dawo bayan sabon faifai, za ka ga Umma ta fara kallonka wani iri. Nan ne ake gane gwani. Tunda duk abin da ka ce a canza an canza, kuma ba zai yiwu a ce kai ne ka yi kuskure ba, saura abu ɗaya a motar da ba a taɓa canzawa ba, kuma yana sanye da hula.

Fara a hankali. Ka ce a teburin cin abinci, "Shekaru fa ba wasa ba ne." Washegari ka ce, "Akwai masu ɗora ƙafa a kan kuloci su manta." Rana ta uku ka faɗa a gabansa.

"Baba, ƙafarka ce ta gaji. Kai kake cinye mana kulocin nan."

"Maigida, shekara ashirin da biyu faifai biyu kawai na canza mata. Na ukun shi ne wanda..."

"Ni dai na gaya maka. Ta sake yi sau ɗaya, zan nemi mai jini a jika."

Umma ta ce wa Yaya, "Babba, a bi a hankali." Idan taka mahaifiyar ta faɗi haka, ka ce mata harkar mota ba ta tausayi ba ce, ta ilimi ce. Ka faɗi kalmar ilimi da ƙarfi.

Mataki na 6: Kada ka saurari na kujerar gefe

Ranar Alhamis da la'asar ta sake yi, a tsakiyar mararraba, bayanta cike da kiret-kiret na ƙwai. Danja ta ba mu hannu, giya ta ɗaya ta ƙi. Baba Direba ya taka, ya sake takawa, tana ta gurnani. Na baya suka ɗora hannu a kan oda. Wani ya leƙo ta taga ya ce, "Tsoho, ka je ka huta mana!" Idanun titin gaba ɗaya suka dawo kanmu, ni kuwa na sunkuyar da kai ƙasa don kada in haɗa ido da kowa.

A nan na gan ta. Shimfiɗar robar nan mai kauri ta zame gaba, bakinta ya naɗe ya shige ƙarƙashin abin taka kuloci. Yana takawa, sai ƙarfen ya tsaya a kanta, saura kamar yatsa biyu ya kai ƙasa. Robar da tauri take, ƙafa za ta ɗauka ƙasan motar ta taɓa.

"Baba," na ce, "ja shimfiɗar nan baya."

Ya ja ta da dunduniya. Ya taka. Giya ta shige ba ko tari.

Muka ci gaba da tafiya. Ni ina lissafin kwanaki a raina: duk takawa dunduniyarsa na tura robar gaba kaɗan-kaɗan, kwana uku ta isa ƙarƙashin ƙarfen. Wani lokacin gargadar hanya ta ɗan dawo da ita, ciwon ya lafa. Mai wankin mota kuwa shi ke ciro ta ya mayar daidai. Wata biyu ke nan shi yake gyara motar, bai sani ba, ba a kuma gode masa ba.

"Direba ba ya kallon ƙafarsa, Auta," in ji Baba Direba daga bisani, a hankali. "Haka aka koya mana. Hanya ake kallo."

"Sai ka gaya wa Yaya."

"In ce masa me? Shi ya saye ta. Cewa zai yi na rasa abin ɗora wa laifi sai tabarma."

Kafin mu isa gida labari ya riga mu, don wani abokin Yaya yana cikin masu danna oda. Yaya ya ce ranar Asabar da safe a kawo masa makulli.

Yanzu ga aikinka. Ƙanwarka za ta zo ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinka tana murza gefen mayafi. Za ta ce, "Yaya, game da motar nan..." Kada ka ɗago daga wayarka. Ka ce, "Malama mai digiri, a wane aji aka koya muku kuloci?" Za ta ce, "Shimfiɗar ce take..." Ka ce, "Shimfiɗar ta fi duk abin da ke cikin motar tsada. Ja mini ƙofar." Irin waɗannan yaran muryarsu ba ta da nisa. Sau biyu na je wa Yaya, ranar Alhamis da ranar Juma'a, sau biyu ya gama da ni cikin minti ɗaya.

Mataki na 7: Karɓi makullin a gaban jama'a

Hukuncin da aka yanke a ɓoye ba ya ƙara wa mutum girma. Zaɓi lokacin da tsakar gida ta cika: mata masu jera ƙwai suna bakin aiki, Umma na tsaye a ƙofar kicin, sabon direban da ka samo yana jingine da bango yana karkaɗa ƙafa. Yi jawabi. Ka ce gidan nan ba ya manta alheri. Ka ce hutu haƙƙin tsoho ne. Sannan ka miƙa tafin hannu.

Baba Direba ya zaro makullin daga aljihun gaba, ya sa wa Yaya a hannu. Masu jera ƙwai suka daina jerawa.

A nan ne aka samu tangarɗa, kuma ina faɗa maka ne don ka kiyaye. Na ce, "Ba shi ba ne." Ban zaci muryar ta fita ba, amma Umma tana da kunnen da ke jin tarin kaza daga ɗaki na uku.

"Me kika ce, Auta?"

Bayani ba zai fito daga bakina a gaban mutum goma ba, na san haka. Sai na buɗe ƙofar direba, na tura shimfiɗar gaba da hannu har bakinta ya naɗe ƙarƙashin ƙarfen, na ce wa sabon direban, "Don Allah, Malam, tayar ka sa ribas."

Ya dubi Yaya. Umma ta ce, "Ba shi makullin." Ya shiga ya tayar, ya taka, ya ja giya. Ta yi ƙarar da ta sa kaji suka amsa daga bayan gida. Na ce ya ɗaga ƙafa, na ja robar baya. Ya sake takawa. Ta shige shiru. Na tura gaba: gurnani. Na ja baya: shiru. A karo na uku sabon direban da kansa ya fara dariya, ya ce, "Kai! Wannan ai ba ta mota ba ce, ta tirela ce. Wa ya sa ta a nan?"

Ɗaya daga cikin masu jera ƙwai ta rufe baki da gefen zane.

"Babba," in ji Umma, "zo ka duba."

"Ina gani daga nan."

"Na ce ka duba."

Ya tattare farin wandonsa, ya durƙusa a kan simintin da aka gama zubar da ruwan wankin kiret, ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari. Ya daɗe a wurin fiye da yadda ganin roba ke buƙata.

Mataki na 8: Ka ce dama ka sani

Idan haka ta same ka, kada ka firgita. Gaskiya ba ta da illa muddin ka riga kowa cewa taka ce. Miƙe, kaɗe gwiwa, ka gyara murya.

"Ai dama shimfiɗar tana cikin abubuwan da nake zargi," in ji Yaya. "Bi nake ɗaya bayan ɗaya. Haka ake bincike."

Sannan ka mayar da makulli, amma ka haɗa da nasiha, don kada a ɗauka haƙuri kake bayarwa. Yaya ya zare shi daga motar, ya riƙe da yatsa biyu, ya miƙa.

"To Baba, ga shi. Amma a riƙa lura. Ya kamata direba ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa."

Baba Direba ya dubi makullin. Hannuwansa suna gefensa, bai ɗaga ko ɗaya ba. Ya juya wajen Umma.

"Hajiya, na gode da zaman da muka yi. Marigayi ya taɓa yi mini faɗa, ba sau ɗaya ba, amma a cikin mota yake yi, gilashi a rufe. Allah ya jiƙansa."

"Malam, don Allah ka tsaya," in ji Umma. "Yaro ne."

"Na sani, Hajiya. Ni na koya masa ɗaura igiyar takalmi a bayan motar nan."

Ya juya ga sabon direban ya ce masa giya ta uku tana son a ɗan jira ta, kuma kwanar da ke bayan asibiti a shige ta kamar ana ɗauke da jariri, in ba haka ba kiret na sama zai zame. Ya ce mini, "Auta, Allah ya yi miki albarka." Umma ta ce a kai shi gida a motar. Ya ce ƙafarsa lafiyarta lau, ya fita.

Sanarwa

Ni ba bakanike ba ce, ko lasin tuƙi ba ni da shi. Abin da na gani na rubuta. Idan ka bi matakan nan ka wayi gari da tsohon faifai mai lafiya a ƙarƙashin gado, da bakaniken da ke shigewa ƙarƙashin wata motar idan ya hango ka, ba ruwana. Idan sabon direbanka ya fasa kiret goma sha ɗaya a satinsa na farko a kwanar bayan asibiti, shaguna biyu suka koma sayen ƙwai a wani wuri, ba ni na aike ka ba. Idan mahaifiyarka ta daina yi maka magana sai da "an kawo" da "a ɗauka", ku sasanta tsakaninku.

Sau uku Umma tana tura Yaya gidan Baba Direba. Duk zuwa yana ba shi kujera da ruwan sanyi, ya tambayi lafiyar kaji, ya saurari bayanin yadda ake bincike har ƙarshe ba tare da ya katse shi ba, sannan ya raka shi bakin hanya. Yau Umma ta ce wa Yaya ya koma, amma ya bar bayanin a gida, ya je ya ce ya yi kuskure, a yafe masa, shi ke nan. Tun safe yake ɗaki yana kai da kawowa, ina jin shi ta bango yana gwada faɗa, yana kaiwa tsakiya sai ya ƙara da "amma". Wannan matakin ban taɓa ganin ya yi ba, don haka ba ni da abin da zan koya maka a kai.